Kazar kudu: tarin taurarin da ke leƙowa ƙasa-ƙasa a samaniyarmu

Duk wanda ya tashi a ƙauye, ko ya saba kwana a tsakar gida lokacin zafi, ya san Kaza da 'ya'yanta, 'yan taurarin nan shida ko bakwai da suka cure wuri ɗaya, waɗanda malaman hisabi ke kira Suraiya. Amma ba kowa ya san tana da takwara ba. A can kudu, dab da inda sama ta haɗu da ƙasa, akwai wani tari na shuɗɗan taurari mai kama da ita ƙwarai, har masana suka laƙaba masa Suraiyar kudu, wato Kazar kudu ke nan a bakinmu. A kundin masana sunanta IC 2602, kuma tana cikin 'yan ƙalilan ɗin tarin taurarin da suka fi haske a duk samaniya. Ana ganinta da ido, ba sai da na'ura ba.

Me ya sa ba ta yi suna a wurinmu ba? Dalili na farko, ba ta hawa sama. Kazar da muka sani takan zo kusan tsakar ka, ita kuwa wannan, daga Kano, iyakar tashinta digiri 14 ne daga doron ƙasa. Bishiya ɗaya ko katangar maƙwabci ta isa ta tare ta. Na biyu, lokacin fitowarta ya faɗa cikin watannin hazo da ƙura. Na uku kuma, yawancin littattafan taurarin da suka iso makarantunmu an rubuta su ne a ƙasashen da ba a ganinta ko kaɗan. Duk wanda ke arewa da digiri 26 a taswirar duniya, ba za ta fito masa ba. Mutumin Landan ko Faris ko Alƙahira sai dai ya gan ta a hoto. A Makka da ƙyar take ɗagowa digiri 4. Mu da muke kusa da tsakiyar duniya, Allah ya ba mu samaniya biyu, ta arewa da babban yanki na ta kudu, kuma abin takaici ne a ce rabin da muka fi Turawa da shi, shi ne muka fi jahilta.

Mene ne tarin taurari?

Yawancin siffofin da ido ke haɗawa a sama ba su da wata dangantaka ta gaskiya. Taurari biyu za su bayyana kafaɗa da kafaɗa, alhali ɗaya ya ninka ɗaya nisa sau goma. Sun dai faɗo kan layin ganinmu ne kawai. Tari irin na Kaza ya sha bamban. Taurarinsa suna kusa da juna da gaske, tafiyarsu ɗaya, shekarunsu kusan ɗaya, domin wuri ɗaya aka haife su.

Ga yadda abin ke faruwa. A cikin galaksinmu, wato babbar tarayyar taurarin da ranarmu ke ciki, wadda muke hango gefenta kamar farin zane ya ratsa sama a daren duhu, akwai manya-manyan gizagizai na iskar haidurojin da ƙura, masu tsananin sanyi. Idan wani sashe na irin wannan gajimare ya yi kauri, sai nauyinsa ya rinjaye shi ya fara jan kansa ciki. Yana matsewa yana tsattsagewa gida-gida, kowane gutsure yana ƙara zafi, har cibiyarsa ta kai zafin da ƙwayoyin haidurojin za su fara haɗewa suna ba da haske. A nan tauraro ya kama. Da wuya a haifi ɗaya tilo. Gajimare guda yakan fitar da ɗaruruwa ko dubbai a kusan lokaci ɗaya, sannan hasken manyan cikinsu da iskar da suke fesowa su kore ragowar gajimaren, a bar taurarin tsirara suna sheƙi.

Irin wannan shi ake kira sakakken tari, saboda taurarinsa a warwatse suke, ana iya ƙirga su ɗaya-ɗaya. Akwai kuma dunƙulallen tari, irin Omega Sentauri, wanda shi ma yana kudu, mai taurari miliyoyi cunkushe wuri ɗaya, da shekaru sama da biliyan 10. Shi dunƙulallen yana riƙe da kansa da ƙarfi. Sakakken kuwa riƙonsa sako-sako ne, ba ya daɗewa. Lamarinsa kamar na gandu ne: 'ya'yan mutum ɗaya, gida ɗaya, gona ɗaya, amma sannu a hankali kowa sai ya ware ya kama gabansa. Duk lokacin da taurari biyu suka gifta kusa da juna, ɗaya yakan sami ƙarin gudu ya fice. Janyowar galaksi da ta gizagizan da ake wucewa kusa da su tana ƙara yaye na gefe. Cikin 'yan shekaru miliyan ɗari-ɗari yawancin irin wannan tari yakan watse sarai. Masana na kyautata zaton ita ma ranarmu a cikin tari aka haife ta, shekaru biliyan 4.6 da suka wuce, kuma 'yan'uwanta sun daɗe da bazuwa cikin galaksi.

Saboda haka wanda ya kalli Kazar kudu yana kallon iyali ne tun kafin rabuwa. Wannan shi ne babban abin da nake so mai karatu ya riƙe.

Nisanta da yadda aka auna shi

Kazar kudu tana nesa da mu da tafiyar haske ta shekara kusan 490. Haske yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, a shekara kuwa kimanin kilomita tiriliyan 9.5. Hasken da zai shiga idonku a bana ya baro can ne wajen shekarun 1530, lokacin Muhammadu Kanta yana mulkin Kabi, Muhammadu Kisoki yana sarautar Kano, daular Songai kuma tana nan daram. Duk da haka a ma'aunin taurari maƙwabciya ce. Kazar arewa ta ɗan fi ta kusa kaɗan, tana da nisan shekara 444.

Wani zai ce, wa ya je ya auno? Ku miƙa yatsa a gabanku, ku rufe idon dama ku duba, sannan ku rufe na hagu. Za ku ga yatsan ya yi tsalle a kan abin da ke bayansa, kuma gwargwadon kusancinsa da fuska, gwargwadon girman tsallen. Haka masana ke yi, sai dai a madadin idanu biyu suna amfani da gefe biyu na zagayen da duniya ke yi wa rana. A ɗauki hoton tauraro a watan Janairu, a sake ɗauka a Yuli, a auna ɗan gocewar da ya yi, lissafi ya ba da nisa. Gocewar taurarin Kazar kudu ƙanƙanuwa ce ainun, ba ta kai kashi ɗaya cikin 500,000 na digiri biyu ba. Kumbon Gaia na hukumar sararin samaniyar Turai, wanda aka harba a Disamba 2013 ya kuma kammala aikinsa a farkon 2025, shi ya auna irin wannan gocewa ga taurari sama da biliyan ɗaya. Kafin Gaia, littattafai kan ce Kazar kudu tana da taurari 60 zuwa 70 da 'yan kai. Da aka tace waɗanda nisansu da tafiyarsu suka zo ɗaya, sai ga 'yan gidan sun kai ɗaruruwa, akasarinsu ƙanana jajaye da ido ba ya gani.

Babban cikinsu

Idan kun sami wurin, abin da zai fara ɗaukar idonku tauraro ɗaya ne shuɗi-fari da ya fi sauran haske nesa ba kusa ba. Sunansa Tita Karina. Nauyinsa ya ninka na rana kusan sau 15, zafin fuskarsa ya kai digiri 30,000 a ma'aunin Salshiyas, alhali na rana 5,500 ne, haskensa kuma ya ninka nata fiye da sau 20,000. A taurari, shuɗi alamar tsananin zafi ce, ja kuwa alamar sauƙinsa.

Akwai wata ƙa'ida a nan da ta saɓa wa abin da mutum zai zata. Tauraron da ya fi girma shi ya fi saurin mutuwa. Yana da makamashi mai yawa, gaskiya ne, amma nauyinsa yana matse cibiyarsa har ta riƙa cin makamashin da haɗama. Rana za ta yi shekaru biliyan 10 tana ci a hankali. Mai nauyin rana 15 kuwa da wuya ya wuce miliyan 15 bai tashi daga aiki ba.

To a nan Tita Karina ya ba masana ciwon kai. Sauran 'yan gidan sun nuna shekarun da suka ninka wannan, ke nan da tare aka haife shi da wannan nauyin, da tuni ya fashe ya wuce. Amma ga shi nan shuɗi garau. Amsar ta fito ne daga haskensa. Da aka rarraba shi launi-launi aka ga yana rangaji gaba da baya duk kwana 2.2, alamar akwai wani ƙaramin tauraro da suke zagaya juna, sun yi kusa har babu madubin da ke raba su. Bayanin da masana suka fi karɓa shi ne, wannan ƙaramin a da shi ne babba. Da ya tsufa ya kumbura, sai abokin zamansa ya riƙa janye masa iskar jikinsa, ya ƙara nauyi, ya ƙara zafi, ya koma kamar sabon haihuwa, shi kuma mai bayarwar ya ƙanƙance. Sinadaran da ke fuskar Tita Karina suna goyon bayan wannan, domin an sami naitirojin fiye da ƙima da ƙarancin kabon, irin abin da ake samu a can cikin tauraro, ba a fatarsa ba. Wannan aron kwana ba zai hana ƙarshe zuwa ba. Yawancin taurarin da suka wuce nauyin rana 8, da gagarumar fashewa suke ƙarewa.

Shekarunta

Sanin shekarun tauraro guda abu ne mai wuyar gaske. Tari kuwa yana sauƙaƙa aikin, shi ya sa masana ke ji da irinsa. Tunda 'yan gidan duk sa'o'in juna ne, daga gajimare ɗaya, a nisa ɗaya, duk bambancin da aka gani tsakaninsu daga nauyi ya taso. Sai a duba waɗanne ne mafi nauyi da har yanzu ke ci daidai, a ce tarin bai wuce tsawon ransu ba.

Akwai wata hanya ta biyu da ta fi burge ni, kuma da ƙananan taurari take aiki. Ta dogara ne da litiyam, sinadarin nan na batirin waya da ake haƙowa yanzu a Nasarawa da wasu jihohin. Kowane tauraro yana zuwa duniya da ɗan litiyam a jikinsa, kuma litiyam yana ƙonewa da zarar zafi ya kai kimanin digiri miliyan 2.5. Ƙananan jajayen taurari cikinsu yana juyawa gaba ɗaya, na sama ya gangara, na ƙasa ya hau, don haka da cibiya ta kai wannan zafin, nan da nan litiyam ɗin jikin duka ya ƙare. Sai dai gwargwadon ƙanƙantar tauraro, gwargwadon daɗewarsa kafin ya kai zafin. Idan aka jera 'yan tari daga mai haske zuwa mai dishi-dishi, za a iske wata iyaka: na samanta babu litiyam, na ƙasanta suna da shi. Kullum iyakar tana ƙara gangarowa, inda aka same ta kuma shi ke faɗin shekaru. Da aka yi wa Kazar kudu wannan awo a 2010, an sami shekara miliyan 46. Wasu hanyoyin suna ba da ƙasa da haka, wajen miliyan 30 zuwa 40.

Ko wanne aka ɗauka, jaririya ce. Kazar arewa ta haura miliyan 100. Manyan dabbobin nan masu kama da ƙadangare da ake kira dainoso sun ƙare shekaru miliyan 66 da suka wuce, ke nan ba su taɓa ganin waɗannan taurari ba. Rana kuwa ta girme su sau ɗari.

Wannan ƙuruciya ce ta sa wani abin da aka gano a 2020 ya yi daraja. Kumbon TESS na hukumar NASA ta Amurka, wanda aikinsa shi ne lura da taurarin da haskensu ke ɗan raguwa a kai a kai, ya nuna cewa wani ɗan gidan mai kama da ranarmu yana da duniya tana zagaya shi. An sa mata suna TOI-837b. Girmanta ya kusa na duniyar Zuhalu, kuma kwana 8.3 take gama zagaye ɗaya, saboda ta matsa kusa da tauraronta sosai. Dubban duniyoyin da aka gano a wajen gidan rana, akasarinsu tsofaffi ne, kuma ba a san shekarunsu dalla-dalla ba. Wannan kuwa an san nata, tunda an san na tarin, kuma tana nuna yadda duniya take kafin ta gama hucewa ta daidaita.

Wanda ya fara rubuta ta

Mutanen kudancin duniya, daga Afirka ta Kudu zuwa Ostareliya da Kudancin Amurka, suna ganin waɗannan taurari a samansu tun fil azal. Wanda ya fara shigar da tarin kundin awo shi ne Nicolas-Louis de Lacaille, masani ɗan Faransa, wanda ya isa Kef Tawun a 1751. Da wani ɗan madubin hangen nesa wanda faɗin gilashinsa bai wuce rabin inci ba, ya auna matsayin taurari kusan 10,000 cikin kimanin shekara ɗaya, ya kuma fitar da jerin tari da gizagizai 42 a 1755. Shi ya fara cewa wannan tari yana kama da Suraiya. Shi ne kuma ya rarraba tsohuwar ƙungiyar taurarin da Girkawa ke kira jirgin ruwan Argo zuwa kashi uku, ɗaya daga ciki ita ce Karina, inda Kazar kudu take, tare da Suhailu, tauraro na biyu a haske a duk daren duniya. Lambar IC 2602 ta zo daga baya, a kundin da J. L. E. Dreyer ya wallafa a 1908.

Yadda za ku same ta

Abu na farko shi ne wuri. Ku nemi inda kudu ke buɗe har ƙasa, babu gini, babu bishiya, babu hasken gari a wannan ɓangaren. Wanda ke zaune a babban birni gara ya fita ta kudancinsa, don hasken birnin ya koma bayansa. Bakin gona, gaɓar dam ko kan tudu duk sun yi.

Na biyu lokaci. Tana kai ƙololuwar tashinta, daidai kudu sak, wajen ƙarfe 4:30 na asuba a farkon Janairu, wajen 12:30 na dare a farkon Maris, wajen 9:30 a tsakiyar Afrilu, sannan jim kaɗan bayan magariba a tsakiyar Mayu. Awa biyu kafin haka da awa biyu bayansa su ne lokacin da ya dace. Daga Yuli har zuwa Oktoba kada ku wahalar da kanku. A farkon Afrilu wajen ƙarfe 9 na dare ana iya haɗa Kaji biyun a kallo ɗaya, ta arewa tana gangarawa yamma, ta kudu tana kusa da ƙololuwarta, tsayinsu daga ƙasa kusan ɗaya.

Ƙura ita ce babbar abokiyar gaba. Tauraron da ke digiri 14 haskensa yana ratsa iska mai kauri ninki huɗu na wanda ke tsakar ka, don haka ɗan hazon da ba ya hana ganin na sama yana shafe na ƙasa ɗungurungum. A ganina babu daren da ya kai wanda ya biyo bayan ruwan farko na ƙarshen bazara, lokacin da ruwa ya wanke sama gajimare kuma ya yaye. Ku kuma lura da wata: daga 18 ga watan Musulunci zuwa tsayuwar sabo, farkon dare yana da duhu. Mutanenmu na kudu sun fi mu sa'a. A Damagaram tana tashi digiri 12 ne kawai, a Agadas ƙasa da 9, amma a zangon Kumasi ko Legas tana kai 19, a Yawunde 22.

Na uku, alama. Ku fuskanci kudu ku nemi taurari huɗu masu haske da suka yi siffar gicciye, waɗanda ake kira Gicciyen Kudu. Za ku gane na gaskiyar da wasu manyan taurari biyu da ke hagunsa suna nuno shi. Wannan tantancewa tana da amfani, domin can dama akwai wani gicciyen da ya fi shi faɗi, ya gaza shi haske, mai yawan ruɗar baƙi. Daga tauraron da ke gindin gicciyen na gaskiya, ku miƙa hannu sosai ku dunƙule shi, ku auna faɗin dunƙule ɗaya da ɗan ɗori zuwa dama, wato yamma. Tauraro mafi haske da za ku tarar a nan shi ne Tita Karina. Ku ba idonku minti 20 a duhu, ba tare da duba waya ba, sai 'yan ƙananan da ke kewaye da shi su fara bayyana.

Wanda ke da madubin hangen nesa na hannu mai ido biyu, shi ya fi kowa morewa. Babban madubi ma bai dace da ita ba, domin faɗinta a sama ya kusa cikakken wata biyu, shi kuwa guntu kawai zai nuna. A na hannu za ku ga taurari ashirin ko fiye, sun rabu gida biyu: ɗaya kewaye da Tita Karina, ɗaya kuma a gabas da shi, taurari biyar da suka yi siffar harafin M. Ku jingina gwiwar hannu a kan katanga ko rufin mota don kada hoton ya yi ta rawa.

Idan kun kai nan, ku ɗaga madubin sama kaɗan, kimanin faɗin yatsu uku. Za ku ga wani farin haske kamar hayaƙi, shi ne gajimaren Karina, inda ake haihuwar sabbin taurari a yanzu haka, a nisan da ya haura shekarar haske 7,000. A cikinsa akwai tauraro mai suna Ita Karina, wanda ya yi wata irin tumbatsa a 1843 har ya zama na biyu a haske a duk sama, sannan ya dushe. Daga hagunsa kuma akwai wani sakakken tarin, NGC 3532, mai taurari cunkus, wanda madubin Hubble na sararin samaniya ya fara ɗaukar hoton gwaji a cikinsa a Mayu 1990. Shi ya girmi Kazar kudu sosai, shekarunsa wajen miliyan 300, shi ya sa za ku ga 'yan taurari masu launin ruwan goro a cikinsa, waɗanda suka riga suka tsufa suka kumbura. A Kazar kudu babu irinsu tukuna.